Gwangwanin da Ka Yanke wa Motata

Kai ne ka kashe mini mota, Injiniya. Ba tsufa ba ne, ba tuƙin Auta ba ne, ba kuma rashin baƙin mai ba ne kamar yadda kake bin mutane kana faɗa. Kai ne, da hannunka, da injin yankan ƙarfen nan naka mai tartsatsi. Kai da ka rubuta wa kanka Injiniya da jan fenti a ƙofar gareji, har da zanen sifana, alhali ba wanda ya naɗa ka.

Saboda maganarka ne ɗana, yayan su Auta, ya je ya kira 'yan gwangwan su zo su ɗauke ta su yayyanka. Ka ce masa ba ta gyaruwa, ranta ya ƙare. To ni ban yarda ba, kuma makullin yana ƙulle a gefen zanena.

Ban yi boko ba, ban san abin da aka rubuta a jikin kwalayenku ba. Amma motar nan na san ta kafin a yaye ka. Ƙaramar mota ce mai dungun baya, injinta a baya yake, ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa. Fanka ce a cikinta take hura mata iska, iyakar abin da ke sanyaya ta ke nan. Marigayi mai gidana ya saye ta tun ina goyon Auta, kuma bai taɓa barin wani ya sa mata hannu ba. Duk ƙarshen mako zai shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya ɗaga murfin baya, ni kuma in zauna kusa da shi riƙe da kwanon notuna. Ba son aikin nake ba a lokacin, hirar nake so. Amma wanda ya yi shekara talatin yana riƙe kwano, ko bai so ba sai wani abu ya shiga kansa.

Injin nan kewaye yake da gwangwani, baƙi, mara kyan gani, da roba mai kauri da ta zagaye bakinsa ta toshe ko'ina. Mai gidana yakan ƙwanƙwasa shi da sifana ya ce, “Kin ga wannan? Rabin ran motar ke nan. Ta sama iska mai sanyi ke shigowa, fanka ta tura ta cikin inji, ta fita ta ƙasa da zafinta. Wannan gwangwanin shi ne ya raba su. Ranar da ta ƙasa ta samu hanya ta dawo sama, ranar injin ya fara cin kansa.” Ya kuma koya mini wani abu. In an dawo daga tafiya, ka zaro tsinken duba mai ka riƙe. In ya riƙu a hannu, lafiya lau. In ka yar da shi ba shiri, to a kashe mota a nemi dalili.

Shekara bakwai da rasuwarsa motar nan ba ta taɓa kwana a hanya ba. Kaji nake kiwo a bayan gida, ƙwai nake kai wa gidan burodi da shaguna huɗu. Gwiwoyina sun daɗe da ƙin ni. Auta ke tuƙi, ni ina gefenta, kiret-kiret na ƙwai a gaba inda babu zafin inji, sauran a kujerar baya. Motar nan ita ce ƙafata.

Abin da ya lalace salansa ce kawai. Tsatsa ta ci ta, ta huje, tana ɗan tari. Na ce a samo irinta a sa. Yayansu ya ce, “Inna, ki bar mini wannan, ni zan yi.” Na ji daɗi har cikin raina, don ba kullum yake cewa haka ba. Bayan mako biyu sai ga shi da wani kwali da ya yi oda ta waya. Ya buɗe a tsakar gida, ga wasu bututai huɗu masu walƙiya, murɗaɗɗu kamar hanji, sun je sun haɗu a baki ɗaya.

Na ce, “Wannan fa? Na mota ne ko na masu busa?”

Ya ce, “Na zamani ne, Inna. Kowane sashe na inji da bututunsa, numfashi zai buɗe, za ta ƙara ƙarfi.”

Auta ta ce, “Yaya, ƙarfin me? Ƙwai muke ɗauka, ba tsere za mu ba.”

Ya ce ta rufe masa baki, me mace ta sani a inji. Ya ɗauki mota da kwali ya kawo maka.

Kwana uku ta yi a wajenka. Ranar da ta dawo, tun daga kan kwana muka ji ta. Kajina suka tashi gaba ɗaya suka bugi wayar kejinsu, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko janareta muka saya. Da ɗana ya zo shigar da ita gida, bututun ya kartu da dokin ƙofa, ƙiiii, har ya bar zane a siminti. Shekara talatin da ɗoriya motar nan tana haye dokin ƙofar nan cike da kaya ba ta taɓa gogar shi ba. Yayansu ya fito yana washe baki ya ce, “Kin ji murya, Inna?” Na ce na ji, duk unguwa ma ta ji.

Washegari muka kai ƙwai muka dawo. Tun a hanya Auta ke cewa tana jin ƙauri. Da muka tsaya na lallaɓa na ɗaga murfin baya, zafi ya bugi fuskata kamar na buɗe tanda. Na duba, sai na ga ƙasa. Ƙasar tsakar gidana, da tsakuwa, da kashin kaji, ina kallonsu ta cikin ɗakin inji. Tunda nake leƙa wajen nan ban taɓa ganin ƙasa ba. Gwangwanin baya babu shi. Na gefe biyu an yanke su, bakinsu caƙo-caƙo. Robar kuwa ko alamarta. Bututanka masu walƙiya sun riga sun koma shuɗi don zafi, suna nan tsirara a ƙarƙashin fanka. Na zaro tsinken mai, ban san lokacin da na yar da shi ba. Har yau ga tabon a yatsuna biyu, in kana so ka gani.

Ko zama ban yi ba na ce Auta ta juya mu zuwa garejinka. Ka tuna? Kana zaune a kan tsohuwar kujerar mota a ƙarƙashin rumfa, kana shan shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Na ce, “Ina gwangwanin motata?”

Ka ce, “Sannu da zuwa, Hajiya. Wane gwangwani?”

“Wanda ka cire. Da robar.”

Ka yi dariya, ka waiwaya wajen mai fentin da ke kusa da kai. “Ka ji Hajiya za ta koya mana aiki. Mama, bututun ne ya ƙi shiga, yana dukan gwangwanin, sai na ba shi hanya. Kuma ai taimakon motar na yi. Injin nan ba da iska yake aiki ba? To ga shi na buɗe mata ko'ina, ta sha iska ta ƙoshi.”

Na ce, “Wace iskar? Ta salansa? Kai in zafi ya dame ka, bakin murhu kake kai hancinka?”

Mai fenti ya ƙyalƙyale har yana buga cinya. Ya ce, “Injiniya, yau ka haɗu da uwar injiniyoyi.” Ku duka kuka mayar da ni abin nishaɗi. Na nuna maka inda bututu ɗaya ya bi ta jikin murfin gefen inji, ko yatsa ba ya shiga tsakaninsu. Na nuna maka wayar fulogi da ta fara narkewa tana ɗiga kamar kyandir. Ka tashi da ƙyar kamar ana jan ka, ka ɗauki guduma ka bubbuga bututun ya ɗan lotsa, ka naɗe shi da wani farin ƙyalle, ka ɗaure wayar gefe da igiyar ƙarfe.

Ka ce, “Shi ke nan. Sabon ƙarfe ne, dole ya yi zafi kwana biyu kafin ya saba. Ki je ki huta, Mama, ki bar wa maza aikinsu. In wani abu ya faru ina nan.”

Na ce ka ba ni gwangwanina ko a yanke ne. Ka yi nuni da baki wajen tulin tarkace ka ce yana can ciki, in an samu lokaci za a duba.

A nan na yi nawa kuskuren, kuma ba zan ɓoye ba. Da na bar motar a wajen na tafi da ƙafa, ko da rarrafe ne. Amma ƙwai ba ya jira, gidan burodi ba ya jira, ga ku maza biyu kuna kallona kamar mahaukaciya. Na ce a raina wataƙila zamani ya wuce ni. Na shiga mota muka tafi. Na sa Auta ta riƙa tafiya a hankali, muna tsayawa a inuwa muna barin ta ta huce kamar mai jinya.

Kwana tara ta yi. A na goma, da rana tsaka, muna hawa gada da kaya cike, ga cunkoso, mota ta fara rasa ƙarfi. Auta ta ce, “Inna, ba ta amsawa.” Jar fitila ta kama. Kafin ta samu gefen da za ta tsaya sai muka ji ƙwas a baya, sannan kaf-kaf-kaf, sannan shiru. Hayaƙi ya turnuƙe mu. Masu motoci suna ta hon suna zagi, wani direban babbar mota ya leƙo ya ce a kai ta gidan tarihi. Yarinyar nan ta fita ta tura mota ita kaɗai, ni ina riƙe da sitiyari, ni da ban taɓa tuƙi ba. Ƙwai ya yi awa uku a rana kafin a samu mai jan mu.

Da aka kawo ta garejinka, ko sunkuyawa ba ka yi ba. Ka zaro tsinken mai ka ɗaga sama don kowa ya gani. “Kun gani? Ƙaf! Inji ya buga. An bar wa yarinya mota tana tuƙi ba mai.” Auta ta fashe da kuka a gaban ƙartin banza, yayanta yana tsaye a wajen. Yarinyar da kowace safiya sai ta duba mai kafin ta karya. Da safen ranar ma a gabana ta duba, yana kan layi. Ina man ya tafi? Ka duba ƙarƙashin murfin gefen nan da na nuna maka, inda bututunka ya gasa robar bakinsa ta ƙeƙashe. Ta nan ya tsiyaye, ya bi titi. Ka sani sarai, shi ya sa ka ƙi sunkuyawa.

Ban tsaya jayayya da kai ba. Na tambayi inda shugaban makanikan layinku yake, aka nuna mini. Dattijo ne, sa'an mai gidana, ido ɗaya ya fara yi masa hazo. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Ya sa rana, ya ce in zo da ɗana tunda shi ya kawo aikin.

Ranar kowa ya taru a rumfarka, har masu sayar da taya. Shugaba ya naɗe rigarsa, ya sa aka ɗaga motar a jak, ya kwanta a kan kwali ya shiga ƙarƙashi da tocila, da tsufansa. Ya daɗe. Da ya fito ya karkaɗe hannu, ya tura ɗan yatsa tsakanin bututu da murfi, yatsan ya ƙi shiga.

Ya ce, “Wannan bututun ba na wannan motar ba ne. Na masu wasa da mota ne, waɗanda suke yanke bayanta gaba ɗaya su sake mata tsari. Wa ya cire gwangwanin?”

Ka kau da kai gefe.

“Da kai nake. Wa ya koya maka aiki da zai ce maka ana barin irin wannan injin a buɗe?”

Ka ce, “Shugaba, tsohon inji ne, ko ba wannan ba...”

“Ba shekarunsa na tambaye ka ba.”

Zuciyata ta fara sanyi. Na ce yau Allah ya kawo mai gaskiya. Sai kawai ka miƙe ka nuna ɗana da yatsa.

“To tunda abin ya zo nan, a tambaye shi. Ran farko na kira shi na ce bututun ba ya shiga, a mayar a samo irin na da. Ya ce ba a karɓar kaya in an buɗe kwali, kuma ya riga ya yi wa tsohuwa alkawari. Ya ce duk abin da ya tare hanya in yanke. Ga mai fenti nan, a gabansa aka yi.”

Mai fenti ya sosa ƙeya ya ce haka ne.

Na juya na dubi ɗana. Ɗan da na haifa, mai gemu, mai 'ya'ya uku, yana tsaye yana kallon takalminsa. Na ce, “Kai, da gaske ne?”

Ya ce, “Inna, mu je gida mu yi magana.”

“A nan na tambaye ka.”

“Ban san zai yi haka ba. Na ɗauka murfi ne kawai na ƙura.”

Auta ta ce, “Yaya, kana tsaye ranar da ya ce ni na kashe motar. Kana ji ka yi shiru.” Bai ɗago ba.

A nan na gane dalilin da ya sa yake ta gaggawar kiran 'yan gwangwan. Kwana biyu yana lallashina, wai in haƙura, motar ta yi mana ƙoƙari, wai zai riƙa aiko mini mai keke yana kai ƙwan. Ashe so yake a yayyanka ta kafin wani ya leƙa ƙarƙashinta.

Shugaba ya sauke hannun rigarsa ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, “Hajiya, abin ya zama na cikin gida. Ku je ku sasanta. Shi wannan zan ja masa kunne.” Mutane suka fara watsewa, kai kuma ka koma kujerarka kana murmushi kamar wanda aka wanke.

Ba a wanke ka ba. Ɗana ya yi wauta, ya kuma yi rashin kunyar da ta fi wautar, kuma ni da shi ne, ban gama da shi ba. Tun ranar bai ci abinci a gidana ba, sai da ya durƙusa gaban ƙanwarsa ya ba ta haƙuri sannan na amsa gaisuwarsa. Amma shi a ofis yake aiki, takarda ya sani. Ko taya bai iya canzawa ba. Don me aka kawo maka motar in ba don kai ne ka sani ba? In mutum ya zo da jahilcinsa ya ce ka yanka, aikinka ne ka ce ba za ka yanka ba, ya ɗauki kwalinsa ya tafi. In kuwa ka san illar ka yanka, ka cuce ni da gangan. In ba ka sani ba, me kake yi da sifana a hannu, kana taɓa motocin mutane? Kuma ko a ce ɗana ne ya sa ka ran farko, wa ya sa ka ranar da na zo da yatsuna a ƙone na nuna maka da bakina? Shi ne ya sa ka dariya? Shi ne ya ce ka naɗa ƙyalle ka sallame ni? Shi ne ya ɗaga tsinken mai a gaban jama'a ya ɗora wa 'yata?

'Yan gwangwan sun zo shekaranjiya da motarsu da sarƙa, ka gan su. Ka kuma ga inda suka same ni, a zaune a kujerar direba, ƙofa a kulle. Babbansu ya ce, “Iya, an ce mana an gama magana.” Na ce da wa? Na ce su ɗaga da ni a ciki in sun isa. Suka yi ta kiran ɗana a waya bai ɗauka ba, suka tafi. Jiya ka aiko a ce mini motar ta tare maka wuri, in zo in kwashe ta. Ba inda za ta. A hannunka ta mutu, a ƙofarka za ta zauna, ni ma haka. Na kawo kujerata da lema. Duk wanda ya shigo da mota sai na kira shi na ɗaga masa murfin baya ya ga aikinka. Uku sun juya jiya, ka ƙirga da kanka, na ga kana leƙe.

Na sa an tambayar mini. Injin nan yana gyaruwa. Sashe ɗaya ne ya ƙone, a sauke shi, a canza abin da ya narke, a samo gwangwani da roba wajen masu tsofaffin kaya, a mayar da salansa irin tata. Aikin mako ɗaya ne ga wanda ya iya. In ba ka iya ba ka faɗa, Shugaba ya nuna wanda zai yi, a kan wuyanka. Abin da ke tsakaninka da ɗana ku ƙarata can, bai dame ni ba.

Na koma wajen Shugaba yau da safe na ce masa jan kunne bai ishe ni ba, kuma ba maganar cikin gida ba ce, a layinsa aka yi ɓarnar. Ya ce zai sake zama jibi. To jibi ka zo. Ka tsaya a inda ka tsaya ka kunyata Auta, a gaban mutanen da suka ji, ka faɗa da bakinka cewa ba ita ba ce, kai ne. Sannan ka faɗi ranar da za ka sauke injin. Ina zaune a ƙofarka har sai ka amsa mini.